Nazarin Lamari: Ɗamarar Ado a Bayan Akushin Itacen Ok

Akushin da wannan nazari ya shafa an fitar da shi ne daga rabin gungumen jan ok, irin da masana tsirrai ke kira Quercus rubra, faɗin bakinsa santimita 30, zurfinsa kuwa bai wuce santimita 11 ba. Wanda ya yi shi masassaƙi ne da ya daɗe yana aiki da injin juya katako, hannunsa ya faɗa wajen fitar da akushi mai sumul, amma bai taɓa yi wa ko ɗaya ado ba. Nufinsa shi ne ya kewaye bayan akushin da ɗamara mai faɗin santimita 4, ƙasa da baki kaɗan, ta kasance mai kaushi kuma baƙa wuluk, sauran jikin kuwa ya tsaya da launinsa na asali. Da aikin ya ƙare sai aibu uku suka bayyana. Zanen ɗamarar ya yi zurfi har ya yage itacen a wurare biyu da ke fuskantar juna, ya kuma kusan ɓacewa a tsakaninsu. Ɗige-ɗigen baƙi sun watsu a jikin da ya kamata ya zauna fes. Sannan tabo biyu masu duhu sun ɓullo a cikin akushin, inda maganin da aka baƙanta ɗamarar da shi bai ko kusanta ba. Mai aikin ya ɗora laifin a kan kayan aikinsa. Da aka bincika akushin sai aka ga faifan adon da maganin baƙin ba su da laifi, kuma biyu daga cikin aibun nan tushensu ɗaya, wato an yi adon ne bayan lokacinsa ya wuce.

Yadda aka bi da aikin

Matakin farko babu abin zargi a cikinsa. An juya itacen yana ɗanye, aka bar kaurin bango santimita 3, wato kashi ɗaya cikin goma na faɗin akushin kamar yadda masu sana'ar suka saba, aka shafe wuraren da jijiyar itacen ta yanke da kaki domin kada su riga sauran jikin bushewa su tsage, sannan aka ajiye shi a inuwa na tsawon watanni har nauyinsa ya daina raguwa a kan sikeli. Da aka mayar da shi kan inji, masassaƙin ya daidaita dunƙulen gindin da mariƙin inji ke kamawa, ya gyara baya, ya rarake ciki har kaurin bangon ya koma milimita 7, ya bi shi da samfefa daga lamba 120 zuwa 320. A nan ne ya dubi akushin ya ga kamar fili ya yi masa yawa, tunanin ado ya zo masa. Ya bar shi a maƙale a kan inji kwana biyu kafin kayan adon su samu.

Abin da ya yi amfani da shi wajen zanen ɗan faifan ƙarfe ne mai haƙora, wanda ke juyawa a kan ƙusa a bakin doguwar ƙota, irin wanda maƙera kayan juyi kamar Robert Sorby na Sheffield a Ingila suka yaɗa a tsakanin masu sana'ar. Faifan ba shi da injin kansa. Itacen da ke juyawa shi ke juya shi, haƙoransa kuma suna dannawa suna kartar jikin, kuma kusurwar da aka riƙe shi da ita ce ke sa zanen ya fito a miƙe, ko a karkace, ko ya zama ƙananan ramuka masu cakuɗuwa. Abin lura shi ne wannan ƙarfe ba ya yanka kamar cizal mai kwarmi, da danna yake aiki, kuma danna tana buƙatar abin da zai tokare ta daga baya. Masassaƙin ya fara a kan juyi 700 a minti ɗaya, ya ji ƙarfen yana tsalle a hannunsa kuma akushin yana ƙara, sai ya ɗauka gudu ne ya yi kaɗan, ya ƙara zuwa sama da 1,100, ya kuma ƙara dannawa. Bayan haka ya goge burtsatsin da faifan ya tayar da buroshin waya na ƙarfe, ya share bayan akushin duka da jiƙaƙƙen tsumma, ya liƙa salatif na takarda sama da ƙasan ɗamarar, sannan ya shafa maganin baƙin da buroshin fenti da ya jiƙe sharkaf.

Wurare biyun da ke fuskantar juna

Gwajin da ya fara warware lamarin mai sauƙi ne ƙwarai. An kashe inji, aka kwantar da fensir a kan majinginar ƙarfe bakinsa yana ɗan shafar bayan akushin, aka juya akushin da hannu. Maimakon layi ɗaya da zai kewaye jikin, sai fensirin ya bar gajerun layuka biyu a ɓangarori biyu masu fuskantar juna, daidai inda zanen ya yage. Da aka auna bakin sai aka tarar ya fi tsawo ta bin jijiya da kimanin milimita 2. Wannan bambanci ido ba ya ganinsa a kan tebur, amma yana nufin milimita 1 a kowane gefe, alhali zurfin da haƙoran faifan ke shiga a itace mai tauri bai cika kai milimita 1 ba. Ke nan a kowane juyi faifan yana cin karo da tudu sau biyu, yana kuma shawagi a kan kwari sau biyu.

Dalilin wannan karkata yana cikin halittar itace. Itace ba ya ƙanƙancewa daidai wa daida ta kowace fuska. Bisa alƙaluman cibiyar binciken kayan daji ta gwamnatin Amurka da ke Madison, idan aka busar da jan ok ƙarƙaf daga ɗanye yana raguwa da kashi 8.6 cikin ɗari ta bin zobban shekara, da kashi 4 cikin ɗari daga tsakiya zuwa ɓawo, amma ta tsawon jijiya raguwar itace ba ta saba wuce kashi 0.1 zuwa 0.2 ba. Akushin da aka fitar daga rabin gungume jijiyarsa a kwance take, tana ratsa shi daga gefe zuwa gefe, don haka duk lokacin da ya rasa danshi yana tsukewa ta faɗi ɗaya ne ya bar ɗayan yadda yake. Masassaƙin ya san wannan sarai, shi ya sa ya juya akushin sau biyu. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne juyi na biyu ma yana tayar da motsi, domin an cire fiye da kashi biyu cikin uku na bangon, an saki ɗaurin da ke cikin itacen, an kuma buɗe wa iska tsakiyar da ba ta kai fatar waje bushewa ba. Motsin kaɗan ne, kuma yawancinsa a cikin sa'o'in farko yake faruwa. Ga akushin da za a shafa wa mai a ajiye, wannan ba komai ba ne. Ga ƙarfen da ke buƙatar cikakkiyar da'ira kafin ya ba da zane iri ɗaya, shi ne komai.

Ƙarin gudun da ya yi ya dagula lamarin ta hanyoyi biyu. Akwai ƙa'idar da ake dangantawa da Dale Nish, malamin juya katako na jihar Utah a Amurka, cewa idan aka ninka faɗin itace a ma'aunin inci da yawan juyi a minti ɗaya, sakamakon ya tsaya tsakanin 6,000 da 9,000. Akushi mai inci 12 kamar wannan, gudunsa ya kamata ya tsaya tsakanin 500 da 750. A juyi 1,100 lissafin ya kai 13,200, wanda haɗari ne ga mai aikin kafin ma a zo maganar ado. Ta fuskar zanen kuwa, tudun nan biyu suna dukan faifan sau 2,200 a minti ɗaya, wato sau 36 da ɗoriya a kowace daƙiƙa, kuma babu hannun da zai iya bin hawa da saukar da ke zuwa da wannan sauri. Da ya rage gudu zuwa ƙasa da 500 ya sassauta riƙo, da faifan ya ɗan bi karkatar, aibin ya ragu. Ba zai gushe duka ba, saboda bango mai milimita 7 a kusa da baki yana lanƙwashewa idan aka danna shi ya kuma dawo, kuma ƙarar da masassaƙin ya ji tun farko ita ce shaidar hakan.

Tabon cikin akushin ma a waɗannan wurare biyu ya fito, kuma wannan ba dace ba ne. Ok yana cikin itatuwan da ke yin manyan jijiyoyin ruwa a farkon kowace shekarar girma, sannan su bi su da itace mai tauri mai ƙananan ƙofofi, shi ya sa zobbansa ke fitowa ƙarara. A farin ok waɗannan jijiyoyi sun toshe da wani irin tsiro na cikin itacen, dalilin da ya sa da shi ake yin gangar ajiye abu mai ruwa. A jan ok kuwa a buɗe suke, kamar damin siraran bututu da aka ɗaure wuri ɗaya, har idan mutum ya tsoma ƙarshen ɗan guntunsa a ruwa ya hura ɗaya ƙarshen zai ga kumfa na fita. A gefuna biyun akushin inda jijiya ke bin bango a kwance, ruwan da aka shafa yana tafiya ne a cikin fatar waje. A gefuna biyun da jijiyar ta yanke kuwa, kowace ƙofa hanya ce miƙaƙƙiya daga waje zuwa ciki, kuma tsawon hanyar bai wuce kaurin bangon ba. Can ne kuma faifan ya fi cin itacen, ya rage kaurin, ya farfasa bakin jijiyoyin ya ƙara buɗe su. Buroshin da ya jiƙe sharkaf ya ƙarasa sauran.

Maganin baƙin kansa ba fenti ba ne, kuma fahimtar wannan tana da muhimmanci ga duk wanda zai yi aiki da shi. Ana jiƙa lallausan soson ƙarfe, wanda aka wanke masa mai, a cikin ruwan khal na 'yan kwanaki, a bar murfin a sassauce domin iskar haidirojin da ke fita ta sami hanya, sannan a tace. Ruwan da ake samu kusan ba shi da launi. Baƙin yana haifuwa ne a cikin itacen, lokacin da narkakken ƙarfen ya gamu da sinadarin tanin da ok ke ɗauke da shi, kuma haɗin nan ne tushen tawadar da aka yi ƙarnoni ana rubutu da ita a Turai. Saboda haka duk inda ruwan ya kai, ko da ɗigo ne da ido bai gani ba, baƙi zai biyo baya bayan 'yan mintoci. Salatif yana tare fenti mai kauri da ke zama a saman itace, amma ba shi da iko a kan ruwan da ke bi ta ƙarƙashinsa.

Aibin da ya rage, wato ɗige-ɗigen da suka watsu, daga wannan haɗin ya fito, sai dai ta wata ƙofa dabam. Buroshin waya na ƙarfe yana zubar da ɓurɓushi ƙanana waɗanda ke maƙalewa a ƙofofin itacen. Jiƙaƙƙen tsumman ya kwashe su daga ɗamarar ya raba wa sauran jikin, ya kuma ba su ruwan da suke buƙata, kowane ɓurɓushi ya zama ɗan maganin baƙi a inda ya zauna. Soson ƙarfe ma haka yake yi idan aka goge ok da shi. Abin da ya dace shi ne buroshin tagulla ko na nailan mai ɗauke da yashin gurza, kuma yana da kyau a kusanta mayen ƙarfe ga duk buroshin da aka ce na tagulla ne, domin da yawa daga cikinsu ƙarfe ne aka yi wa rufin tagulla, kuma mayen zai kama su nan take.

Abin da aka iya cetowa daga akushin farko bai da yawa. Asid na okzalik, wanda ake narkawa a ruwan ɗumi a shafa da safar hannu sannan a ɗauraye sosai, yana warware haɗin ƙarfe da tanin, kuma ya share ɗige-ɗigen waje tas. Tabon ciki ya dusashe a sama amma ya ci gaba da leƙowa daga cikin jijiyoyin, wurin da aka wanke kuma ya fi kewayensa haske. Zanen da ya yage ba shi da gyara, domin a sake daidaita bayan sai an ci aƙalla milimita 2 daga bangon da ya riga ya yi siriri. A ƙarshe an baƙanta akushin duka, ciki da waje, aka lallasa ɗamarar da buroshin nailan har kaifin yagewar ya kwanta. Ya zama abin da za a iya ajiyewa, amma ba shi ne aka nufa ba.

Akushi na biyu

Ɗaya rabin gungumen yana nan, an juya shi ɗanye tare da na farko kuma sun bushe tare, don haka ya ba da damar a sake aikin a kan itace iri ɗaya. Kafin a ɗora shi kan inji an fara yanke shawara a kan zanen kansa, kuma a ganina wannan shawara ta fi duk dabarun da suka biyo baya nauyi. Faifan ado yana ba da zane mai tsabta a itace mai matsattsiyar jijiya wanda jikinsa bai da hayaniya, irin su mapul. Ok kuwa ya riga ya zo da nasa zanen, zobe mai tauri yana bin zobe mai ramuka, kuma haƙoran faifan suna murƙushe mai ramukan su zame a kan mai taurin, sai zane biyu su riƙa gogayya a wuri ɗaya babu wanda ya fito. Masassaƙin ya tambaya ko wani siririn ƙarfen ado da ke yin zane ta hanyar karkarwa zai fi dacewa, amma shi a kan fuskar da jijiya ta yanke gaba ɗaya yake aiki, kamar murfin ƙaramin akwatin da aka juya ta tsawon itace, ba a bangon da jijiyarsa ke sauyawa sau huɗu a kowane juyi ba. An tsaya a kan sassaƙa kwaruruka a tsaye da hannu, inji a kashe, sannan a bi su da buroshi domin jijiyar itacen ta fito ta zama rabin adon.

Wannan hanya tana da magabata sanannu. David Pye, wanda ya yi farfesan tsara kayan ɗaki a Royal College of Art ta Landan daga 1964 zuwa 1974, ya ƙera wa kansa na'ura ta musamman domin yanka irin waɗannan kwaruruka a jikin akusa, kuma ya tsara ta yadda hannu ne ke tura wuƙar a kowane yanka. Liam Flynn na ƙasar Ayaland, wanda ya rasu a 2017, ya shahara da tukwanen ok masu sassaƙaƙƙun layuka da yake baƙantawa, kuma shi yana juya itacen ne yana ɗanye ya bar shi ya karkace yadda ya ga dama, karkatar ta zama ɓangare na siffar. Duka biyun ba su dogara da gudun inji wajen yin zanen ba, don haka rashin cikar da'ira bai dame su ba.

Tsarin aikin ya sauya daga tushe. An daidaita bayan akushin kaɗai, aka bar ciki yadda yake tun juyin farko, bangon yana da kaurin fiye da santimita 2. A wurin ɗamarar an bar itacen ya ɗara sauran jikin tudu da milimita 3, domin a sami abin sassaƙawa ba tare da an ci daga kaurin bango ba. An yanka siririyar tsaga a sama da ƙasanta da bakin cizal, aka sa waya mai ƙotar katako a kowane ƙarshe a cikin tsagar, inji yana juyawa, har gogayya ta ƙone ta ta zama baƙin layi. Ba a taɓa naɗa irin wannan waya a yatsa, domin idan ta kama itacen da yatsan za ta tafi. Layin ƙunar yana da amfani biyu: yana rufe bakin jijiyoyin da ke kan iyaka yadda ruwa ba zai yi saurin tsallakawa ba, kuma idan baƙin ya ɗan gota, a cikin baƙi yake ɓacewa.

Rabon kwarurukan an yi shi ne da faifan rabo na injin, mai ramuka 24, kowanne digiri 15, aka raba kowane tsakani biyu da ido, suka zama 48. Kewayen ɗamarar kimanin santimita 88 ne, don haka kowane kwari ya sami faɗin da ya kusa kai santimita biyu. An sassaƙa su da ƙaramin cizal mai kwarmi daga ɓangaren gindi zuwa baki, wato daga ƙaramar da'ira zuwa babba, domin ta haka ne kowace jijiyar da ake yankawa ke da wata doguwa a ƙarƙashinta tana tokare ta. Aikin bai tafi da sauƙi iri ɗaya ba. A gefunan da jijiya ke kwance cizal ɗin yana ratsa ta a gicciye, ɓawon yana fita a naɗe ba tare da gardama ba. Da aka matso wuraren da jijiyar ta yanke sai itacen ya yi tauri, ya riƙa neman gutsurewa, sai da aka rage zurfin kowane yanka aka kuma riƙa wasa bakin cizal ɗin akai-akai. Kwarurukan ba su fito daidai da juna kamar na inji ba, wani ya ɗan fi wani faɗi, kuma ban ga dalilin gyara wannan ba, tunda ɗan bambancin ne ke sa haske ya faɗi a kan kowanne ta fuska dabam.

Daga nan aka bi ɗamarar da buroshin nailan a kan na'urar huda, ana bin tsawon jijiya, har zobban masu laushi suka lotsa masu taurin suka taso. Wannan mataki yana tayar da ƙura mai laushi sosai, kuma ba wurin sakaci ba ne. Tun 1995 hukumar binciken cutar kansa ta duniya da ke Lyon a Faransa ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa ga ɗan Adam, kuma ƙurar itatuwa masu tauri irin su ok tana cikin waɗanda aka fi dangantawa da kansar hanci. Takunkumi mai tace ƙura da na'urar zuƙe ta wajibi ne a nan, ko da inji a kashe yake.

Kafin baƙantawa an ɗan jiƙa ɗamarar da ruwa zalla, aka bari ta bushe, aka kwantar da burtsatsin da ya tashi da samfefa mai lamba 320. Amfanin wannan shi ne baƙin da ƙarfe ke bayarwa a fata yake tsayawa, don haka duk gugar da za a yi gara a yi ta kafin ya hau. Jan ok bai kai farin ok yawan tanin ba, kuma gwajin da aka yi a kan guntun da aka yanke daga gungumen ya ba da toka-toka mai shuɗi maimakon baƙi. An saba magance wannan da shafa ruwan baƙin shayi mai kauri kafin maganin, amma a wannan itace kowane ƙarin ruwa ƙarin haɗari ne, don haka shayin da maganin duka an shafa su ne da ɗan soso da aka matse har ya kusa bushewa, shafa kaɗan-kaɗan, ana busarwa da na'urar busar da gashi a tsakani. A wuraren da jijiya ta yanke dangwalawa kawai aka yi. Baƙin ya taru a hankali har ya kai yadda ake so.

Matakin da ya biyo baya shi ne ribar barin bango da kauri. Da ɗamarar ta bushe aka kunna inji, aka yi yanka ɗaya marar zurfi da cizal mai kaifi a sama da ƙasan layukan ƙunar, duk wani ɗigon da ya gota ya tafi tare da ɓawon, iyakar ta fito kaifi ba tare da salatif ba. An shafa wa ɗamarar shalak mai ruwa-ruwa, wato wani irin shafe da ke bushewa ya toshe fatar itace, domin ya rufe baƙin, sannan aka cusa farin kaki a cikin ƙofofin ana gogawa a gicciyen jijiya, aka share na saman da tsumma mai ɗan mai, farin ya zauna a ramuka kaɗai. Ba don shalak ɗin ba da farin ya dusashe baƙin duka ya mayar da shi toka. Kakin shi ne na ƙarshe a kan ɗamarar, domin babu abin da ke kama jiki a bayansa. Farin da ke cikin irin wannan kaki a yau ba na dalma ba ne kamar wanda aka yi amfani da shi a ƙarnonin baya, wanda guba ne, amma duk da haka a waje ya kamata ya tsaya. Cikin akushin da za a ci abinci a ciki ana barinsa sumul ne ba zane, domin duk rami maɓoyar datti ce da wanki ba ya kaiwa.

Sai a sannan aka rarake ciki, kuma a zama ɗaya, daga baki zuwa ƙasa mataki-mataki, ana gama kowane santimita biyu ko uku kafin a wuce, domin kada a koma kan bakin bayan ya yi siriri ya fara motsi. An tsaya a kaurin milimita 10 maimakon 7. Ruwan da ya ratsa zuwa tsohuwar fuskar ciki kaɗan ne, kuma ya tafi tare da itacen da aka cire. An shafa wa ciki da sauran bayan man tung, aka shanya tsumman man a baje a waje, tunda tsumman irin wannan mai idan aka dunƙule shi yana iya kama wuta da kansa.

Sakamakon bai rasa abin faɗa ba. Jiƙawa da busarwar da aka yi wa bayan sun ɗan motsa shi kafin a yanka ciki, don haka kaurin bakin ya bambanta da kusan rabin milimita tsakanin gefe da gefe, abin da yatsa ke ji idan an zagaya da shi amma ido ba ya kamawa, musamman da aka ɗan zagaye kaifin bakin. A ɗaya daga cikin wuraren da jijiya ta yanke kuma, 'yan ɗigo masu duhu sun rage a fuskar ciki, inda wasu manyan jijiyoyi suka kai maganin nesa fiye da sauran. Suna kama da ƙofofin itacen na asali, kuma an bar su, domin bin su da asid zai bar farin tabo da ya fi su fitowa. Muddin jan ok ne kuma maganin ruwa ne, ba na jin akwai tsarin da zai kawar da wannan gaba ɗaya. Wanda ke son ciki fes ba ɗigo ko ɗaya, farin ok ya kamata ya nema tun wajen zaɓen gungume. Dunƙulen gindin shi ne aka cire a ƙarshe, bayan an kifa akushin a kan faifan katako mai shimfiɗar roba an tokare shi da ƙusar wutsiyar inji, kuma an yi hakan ne sai da aka tabbatar babu sauran aikin da zai sa a sake mayar da shi kan mariƙi.